Rainon Kyiv, Tutar Wasu: Tarihin Wasan Oleksiy Zhitnik

Gabatarwa

A ranar 23 ga watan Fabrairu na shekarar 1992, a wani ƙaramin gari na kan duwatsu da ake kira Meribel a ƙasar Faransa, an rataya wa wasu samari lambobin zinariya na wasannin Olamfik na hunturu, bayan sun cinye Kanada da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe na ƙwallon gora ta kan ƙanƙara. Bisa al'ada, idan aka zo wannan matsayi akan ɗaga tutar ƙasar da ta yi nasara, a kuma buga takenta. To, amma a wannan rana ba a ɗaga musu tutar wata ƙasa ba, domin ƙasar da ta raine su, watau Tarayyar Sobiyet, ta riga ta rushe wata biyu kafin nan. Sai aka ɗaga tutar Olamfik mai zobba biyar, aka buga taken Olamfik. A cikin samarin nan akwai wani ɗan shekara 19, haifaffen birnin Kyiv na ƙasar Yukren, mai suna Oleksiy Zhitnik.

A cikin wannan maƙala za mu bi sawun wannan ɗan wasa tun daga Kyiv har zuwa lokacin da ya jingine sandarsa a shekarar 2010. Za mu duba irin aikin da ya yi wa ƙungiyoyin da suka ɗauke shi, da kuma wanda ya yi a gasannin ƙasa da ƙasa. Abin da muke son fitarwa shi ne dalilin da ya sa mutumin da Yukren ta haifa, ta kuma koya masa wasa, ya gama rayuwarsa ta wasa ba tare da ya taɓa sa rigar Yukren a wata gasar duniya ba. Amma tun da yake wasan baƙo ne ga akasarin masu karatu, ya kamata mu fara da bayanin yadda ake yin sa.

Yadda Wasan Yake

Wanda duk ya taɓa ganin ƙwallon gora da ake yi a filayen wasu makarantun sakandare namu, to, ya sami rabin fahimta. Bambancin shi ne, wannan ana yin sa ne a kan daskararren ruwa, cikin wani fili da aka kewaye da katanga ta katako da gilashi. A Amurka da Kanada tsawon filin ƙafa 200 ne, faɗinsa ƙafa 85. A Turai kuwa an saba da fili mai faɗi fiye da haka, watau mita 60 a tsaye, mita 30 a kwance. 'Yan wasa sukan sa takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, su riƙa zamiya a kansa da gudun da ya fi na mai tsere da ƙafa. Abin da suke bugawa ba mulmulalliyar ƙwallo ba ce. Wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Saboda haka a nan gaba duk inda muka ce faifai, to, shi muke nufi.

Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili: mai tsaron gida ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana yin wasan zango uku, kowane zango minti 20, kuma akan tsayar da agogo duk sa'ad da alƙali ya busa usur. Saboda tsananin gajiya, ɗan wasa ba safai yake wuce minti ɗaya a fili ba sai ya fita wani ya shigo, wasa kuwa na ci gaba. An yarda a bangaje abokin hamayya da kafaɗa ko da ƙugu muddin faifai yana hannunsa. Wanda ya yi laifi kuwa akan tura shi ya zauna a wani ɗan keɓaɓɓen wuri na minti biyu, ƙungiyarsa ta ci gaba da wasa da giɓin mutum ɗaya. Wajen lissafin ƙwazon ɗan wasa, akan ba shi maki ɗaya idan ya ci, maki ɗaya kuma idan shi ya miƙa wa wanda ya ci.

A Kanada wasan ya sami siffarsa ta yanzu, inda aka yi wasan farko na cikin zaure a birnin Montreal a 1875. An kafa hukumar wasan ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da IIHF, a 1908. Babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada kuwa, watau NHL, an kafa ta a 1917, kuma kofin da ake takara a kansa shi ne Kofin Stanley. Tarayyar Sobiyet ba ta fara gasarta ta cikin gida ba sai a 1946, amma shigarta gasar duniya ta farko a 1954 ta ɗauke kofin, ta kuma ƙara da zinariyar Olamfik a 1956.

Aikin Ɗan Baya

Ɗan baya shi ne katangar da ke tsakanin 'yan gaban abokan hamayya da mai tsaron gidansa. Mafi yawan lokaci da baya da baya yake zamiya, fuskarsa na kallon mai kawo hari, yana ƙoƙarin tura shi gefen katanga inda bugunsa ba zai yi lahani ba. Shi ne mai kutsawa lungu ya ƙwato faifai alhali wani ƙato na tafe a bayansa zai maka shi da bango. Shi ne kuma mai tare bugu da jikinsa idan ta kama. Idan ya ƙwato faifai, miƙawarsa ta farko ita ce mafarin harin ƙungiyarsa, in kuwa ya yi kuskure a nan, sai dai a ɗauko faifai daga raga.

Har wa yau, idan ƙungiya ta sami rinjayen mutum ɗaya saboda an fitar da wani daga cikin abokan hamayya, ɗan baya yakan tsaya a bakin shuɗin layin da ya raba yankin hari da tsakiyar fili, ya riƙa rarraba faifai ko ya narka bugu daga nesa. Kowace ƙungiya takan shiga wasa da 'yan baya shida da 'yan gaba goma sha biyu. Ke nan nauyin da ke kan ɗan baya ya fi yawa, kuma wanda mai horarwa ya fi amincewa da shi yakan shafe kusan minti 25 daga cikin 60 yana fili. Don haka ba da yawan ci kaɗai ake auna ɗan baya ba. Ana auna shi da yawan lokacin da ake ba shi, da kuma yawan shekarun da jikinsa ya jure wannan gwagwarmaya. Mai karatu ya riƙe wannan ma'auni, domin da shi za mu auna Zhitnik.

Tasowarsa A Kyiv

An haifi Zhitnik a ranar 10 ga Oktoba, 1972, a Kyiv, lokacin Yukren tana ɗaya daga cikin jamhuriyoyi 15 na Tarayyar Sobiyet. Tun daga sunansa ma za a ga alamar zaman harsuna biyu a ƙasa ɗaya. Da harshen Yukren Oleksiy ne, da Rashanci kuwa Aleksei, kuma da wannan na biyun duniya ta san shi, inda jaridun Amurka suke rubuta Alexei. Haka nan birnin nasa: Kyiv a bakin mutanen Yukren, Kiev a bakin Rashawa. Ƙungiyar da ta raine shi ma sunanta Sokil da harshen Yukren, Sokol da Rashanci, ma'anar duka biyun kuwa ita ce shaho.

An kafa wannan ƙungiya a 1963, ta ɗauki sunan Sokil a 1973. A zamanin nan ƙungiyoyin birnin Mosko su ne suka kankane gasar Sobiyet, musamman ƙungiyar sojoji ta CSKA, wadda ta ɗauki kofi sau 13 a jere daga 1977 zuwa 1989. Duk da haka, a 1985 Sokil, ƙarƙashin mai horarwa Anatoliy Bohdanov, ta zo ta uku ta karɓi lambar tagulla, kuma wannan shi ne matsayi mafi girma da ta taɓa kaiwa a gasar. Zhitnik yana ɗan shekara 12 a lokacin. Ke nan ya taso ne daidai sa'ad da wasan yake tashe a birninsu, yara suna da manyan da za su kalla su kwaikwaya.

A kakar 1989 zuwa 1990 ya fara yi wa manyan Sokil wasa, yana da shekara 17. Bayan kaka biyu sai ya koma CSKA a Mosko, ƙarƙashin Viktor Tikhonov, wanda shi ne kuma mai horar da tawagar ƙasa. Wannan ita ce hanyar da aka saba a lokacin. CSKA ƙungiyar soja ce, aikin soja kuwa wajibi ne a kan kowane saurayi, saboda haka tana da damar tattaro zaratan samari daga ko'ina cikin tarayyar. Larduna su yi raino, Mosko ta girbe. Tun kafin rushewar ƙasar, ashe, ruwan ya riga ya saba gangarawa wuri ɗaya.

A watan Yuni na 1991 kuma wata ƙofa ta buɗe masa. Kowace shekara ƙungiyoyin NHL sukan taru su zaɓi sababbin matasa bi da bi, wadda ta zaɓi yaro ita ke da ikon ɗaukarsa. A zaɓen wannan shekara, wanda aka yi a birnin Buffalo, ƙungiyar Los Angeles Kings ta zaɓi Zhitnik a zagaye na huɗu, shi ne mutum na 81. Shekara biyu kafin nan, watau 1989, aka fara barin manyan 'yan wasan Sobiyet irin su Vyacheslav Fetisov su tafi can su yi wasa.

Sunaye Huɗu Cikin Wata Biyar

Yukren ta ayyana 'yancin kanta a ranar 24 ga Agusta, 1991, kuma a ƙuri'ar raba gardama ta ranar 1 ga Disamba sama da kashi 90 cikin 100 na masu zaɓe suka amince. A ranar 26 ga Disamba aka rushe Tarayyar Sobiyet a hukumance. A wannan rana ce kuma aka buɗe gasar duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 a garuruwan Fussen da Kaufbeuren na ƙasar Jamus, Zhitnik yana cikin tawaga. Sun fara gasar da sunan Tarayyar Sobiyet, suka gama ta a watan Janairu da sunan Ƙungiyar Ƙasashe Masu 'Yancin Kansu, suka kuma ɗauki zinariya.

Bayan mako biyar sai ga Olamfik na Albertville, inda aka kira su Haɗaɗɗiyar Tawaga, suka sake cin zinariya kamar yadda muka faɗa a farko. A ƙarshen Afrilu kuma aka buɗe gasar duniya ta manya a ƙasar Cekoslobakiya, a nan ne tawagar ta fito da sunan Rasha, Zhitnik yana ciki. Watau daga Disamba zuwa Mayu, yaro ɗan shekara 19 ya yi wasa da sunaye huɗu. A cikin wannan gasa ta ƙarshe, ranar 6 ga Mayu, 1992, aka karɓi Yukren a matsayin mamba mai zaman kanta a hukumar IIHF. Sa'ad da ƙasar haihuwarsa ta sami kujera, shi ya riga ya sa rigar Rasha. Za mu komo kan wannan batu a gaba.

Los Angeles Da Buffalo

Zhitnik ya sauka Los Angeles a ƙarshen 1992, ya tarar da ƙungiyar da Wayne Gretzky yake jagoranta, mutumin da mafi yawan masana suke ɗauka shi ne gwanin gwanayen wannan wasa. A kakarsa ta farko ya yi wasa 78, ya ci 12, ya miƙa 36, jimla maki 48, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan baya sabon shiga, ɗan shekara 20, a ƙaramin filin da bai saba da shi ba. A wannan kaka ce Kings suka kai zagayen ƙarshe na Kofin Stanley karo na farko a tarihinsu. Zagayen ƙarshe ana yin sa ne har wasa bakwai, wanda ya riga cin huɗu shi ke da kofi. Kings suka ci wasan farko a kan Montreal Canadiens, suna kuma gaba a wasa na biyu saura ƙasa da minti biyu a tashi, sai Montreal suka nemi alƙali ya auna sandar Marty McSorley. Aka tarar lanƙwasarta ta wuce ƙa'ida, aka fitar da shi, Montreal suka rama, suka kuma ci a ƙarin lokaci. Daga nan Kings ba su sake cin wasa ba, aka tashi 4 da 1.

A kakar da ta biyo baya ya ƙara ƙwazo, ya sami maki 52. Amma a tsarin NHL ƙungiya tana iya musayar ɗan wasa da wani ba tare da shawararsa ba, sai in kwantiraginsa ya hana. A watan Fabrairu na 1995 aka musanya shi da wasu mutum biyu zuwa Buffalo Sabres, Los Angeles kuwa ta karɓi mutum uku, ciki har da shahararren mai tsaron gida Grant Fuhr. Ta haka ya koma birnin da aka fara kiran sunansa shekara huɗu baya.

A Buffalo ya yi zamansa mafi tsawo, daga 1995 zuwa 2004, inda ya yi wasa sama da 700. Ba dogo ba ne a cikin 'yan baya, tsawonsa wajen santimita 180, amma kakkaura ne, ga ƙarfin bugu, ga iya bangaza da ƙugu. Buffalo ta wancan lokaci ba ƙungiyar masu yawan ci ba ce. Ƙarfinta yana ga mai tsaron gidanta, Dominik Hasek, mutumin ƙasar Cek, wanda aka zaɓa gwarzon gasar baki ɗaya a 1997 da 1998. Ƙungiyar da ta dogara ga tsaro kuwa, 'yan bayanta su ne jakunan aiki, kuma Zhitnik yana cikin waɗanda suka fi daɗewa a fili a kowane dare. Sau biyu aka zaɓe shi cikin wasan taurarin NHL, a 1999 da 2002.

A 1999 Buffalo ta kai zagayen ƙarshe, ta haɗu da Dallas Stars. Dallas tana gaba da wasa 3 da 2 aka zo wasa na shida a Buffalo. Aka tashi 1 da 1, aka shiga ƙarin lokaci, wanda dokarsa ita ce wanda ya fara ci ya gama. Aka yi zango ɗaya, aka yi na biyu, sai a cikin na uku, dare ya raba, Brett Hull ya tura faifai raga alhali ƙafarsa ɗaya tana cikin da'irar mai tsaron gida. A wannan kaka an soke ci da dama saboda irin wannan, amma hukumar gasar ta ce Hull shi ke riƙe da faifai tun kafin ya taka da'irar, don haka ci ya tabbata. Mutanen Buffalo ba su yarda da wannan hukunci ba, kuma kafin kaka ta gaba aka sake dokar. Karo na biyu ke nan Zhitnik ya ga kofi a gabansa ya wuce.

Da Rigar Rasha

A tsakanin waɗannan shekaru yana amsa kiran tawagar Rasha. Ya je gasar Kofin Duniya ta 1996, inda Amurka ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. Sa'an nan ga Olamfik na Nagano a ƙasar Japan a 1998, karo na farko da NHL ta dakatar da gasarta don 'yan wasanta su halarta. Rasha ta kai wasan ƙarshe, ta haɗu da Jamhuriyar Cek, mai tsaron gidan Cek kuwa ba wani ba ne illa Hasek, wanda Zhitnik yake karewa duk dare a Buffalo. Aka tashi 1 da 0, Petr Svoboda, shi ma ɗan baya, shi ya ci. Zhitnik ya komo da azurfa, Hasek da zinariya, suka sake sa riga ɗaya suka ci gaba da aiki. A 2000 kuma yana cikin tawagar taurarin da Rasha ta tara don gasar duniya a gidanta, a birnin St. Petersburg, wadda ta ƙare a matsayi na 11, abin da ya zama abin kunya ga masu masauki.

Shekarun Ƙarshe

An soke kakar 2004 zuwa 2005 ta NHL gaba ɗaya saboda taƙaddama tsakanin masu ƙungiyoyi da 'yan wasa a kan albashi, sai Zhitnik ya tafi Rasha ya yi wa Ak Bars ta birnin Kazan wasa. Da aka sasanta a 2005 ya sa hannu da New York Islanders. A Disambar 2006 aka musanya shi zuwa Philadelphia Flyers, a Fabrairun 2007 kuma zuwa Atlanta Thrashers, watau ƙungiya uku a kaka ɗaya. A cikin wannan wata na Fabrairu, kafin ya bar Philadelphia, ya cika wasa 1,000 a NHL, ya zama ɗan baya na farko haifaffen tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ya kai wannan adadi. Ya taimaki Atlanta ta shiga wasannin neman kofi karo na farko a tarihinta, amma New York Rangers suka fitar da su da wasa 4 babu ko ɗaya.

Kaka ta gaba ba ta yi masa kyau ba, ƙafa ta fara nauyi, sai Atlanta ta biya shi ta sallame shi a 2008. Ya bar NHL da wasa 1,085, ci 96, miƙawa 375, jimla maki 471. Ya koma Dynamo ta Mosko a sabuwar gasar KHL da aka kafa a wannan shekara, ya yi kaka biyu, ya daina wasa a 2010. Idan muka koma ga ma'aunin da muka ajiye a baya, watau juriya da amincewar masu horarwa, za mu ga ya cika mudu: kaka 15 a gasa mafi tsanani a duniya, da sama da shekara 20 yana wasan manya.

Me Ya Hana Shi Yi Wa Yukren Wasa?

Amsar wannan tambaya tana cikin yadda aka raba gadon Tarayyar Sobiyet. A wancan lokaci gasar duniya rukuni-rukuni ce, daga A zuwa C, kuma sai ƙasa ta ci rukuninta take hawa na sama. Hukumar IIHF ta bar wa Rasha kujerar Sobiyet a rukunin A. Sauran ƙasashen, irin su Yukren da Latbiya da Belarus da Kazakistan, aka ce su faro daga ƙasa. Yukren ta shiga rukunin C a 1993, ta zo ta biyu a bayan Latbiya. Ba ta ci wannan rukuni ba sai a 1997, ta ci rukunin B a 1998, sa'an nan ta isa sahun manya a 1999. Ke nan saurayin da ya riga ya rataya zinariyar Olamfik a 1992, in da ya zaɓi Yukren, da sai ya jira shekara bakwai kafin ya sake karawa da tsararrakinsa a gasar duniya, da kuma bai je Nagano ba.

Dalili na biyu shi ne dokar sauya ƙasa. Wanda ya yi wa Tarayyar Sobiyet wasa kaɗai yana da damar bin sabuwar ƙasarsa. Wanda ya riga ya sa rigar Rasha a gasar hukumar kuwa, to, ya ɗaure kansa. Ƙa'idar IIHF ita ce, mai son sauyawa sai ya zama ɗan sabuwar ƙasar, ya kuma yi shekara huɗu a jere yana wasa a gasarta ta cikin gida. Wannan sharaɗi ba mai yiwuwa ba ne ga wanda abincinsa yake NHL. Saboda haka matakin da aka ɗauka cikin ruɗanin 1992 ya zama na har abada ga mafi yawansu.

Kwatanta shi da tsararrakinsa zai ƙara haskaka al'amarin. Dmytro Khrystych, ɗan gaba, shi ma haifaffen Kyiv kuma rainon Sokil, ya ci gasar duniya da Sobiyet a 1990, amma bai yi wa Rasha wasa ba, don haka ya sami damar sa rigar Yukren a Olamfik na Salt Lake City a 2002. Wannan ne karo na farko da tawagar Yukren ta je Olamfik a wannan wasa, ta kuwa zo ta 10. A shekarar nan dai ta zo ta 9 a gasar duniya, matsayi mafi kyau da ta samu, kafin ta faɗo daga sahun manya a 2007. Sandis Ozolinsh, ɗan baya daga Riga, ya bi Latbiya. Oleg Tverdovsky, ɗan baya haifaffen Donetsk a Yukren, ya bi Rasha, ya sami tagulla da ita a 2002. Darius Kasparaitis na ƙasar Lituweniya, wanda kwana shida ne kawai tsakanin haihuwarsa da ta Zhitnik, kuma tare suka ci zinariyar 1992, ya yi wa Rasha wasa shekara da shekaru. Bayan ya bar wasan ƙwararru sai ya cika sharaɗin hukumar, ya sa rigar ƙasar haihuwarsa a 2018 yana da shekara 45. Wannan ya nuna tsadar komawa gida.

Abin lura a nan shi ne, asarar ta fi faɗawa kan ƙaramar ƙasa. Rasha tana da 'yan baya birjik, ko babu Zhitnik da Tverdovsky za ta cika tawaga. Yukren kuwa ta je Olamfik na 2002, shekarar da aka zaɓi Zhitnik cikin taurarin NHL, ba tare da manyan 'yan bayan nan biyu da ta haifa ba. Ƙasar da ba ta da fitattu a tawagarta ba ta hawa sama da wuri, wadda ba ta hau sama ba kuwa fitattu ba sa sha'awarta, haka abin yake ta kewayawa.

Kammalawa

Mun ga yadda Zhitnik ya taso a Sokil ta Kyiv, ya ratsa ta CSKA, ya yi kaka 15 a NHL, ya kai zagayen ƙarshe sau biyu bai ɗauki kofi ba, ya kuma tara zinariyar matasa, da zinariya da azurfa na Olamfik. Mun kuma ga cewa babu ko ɗaya daga cikin lambobin nan da aka rubuta da sunan Yukren.

Tun daga 2014, musamman bayan mamayar da Rasha ta kai wa Yukren a Fabrairun 2022, wadda ta sa hukumar IIHF ta dakatar da Rasha daga gasanninta, tambayar ko ɗan wasa na wace ƙasa ne ta yi nauyin da ba ta da shi a da. Mai nazarin tarihi zai iya jarabtuwa ya yanke wa samarin 1992 hukunci da idon yau. A ganina adalci shi ne a tuna halin da suke ciki: shekarunsu 19, ƙasarsu ta ɓace suna tsakiyar gasa, tawaga ɗaya ce tak ta rage a sahun manya, kuma dokar da za ta ɗaure su ba su suka rubuta ta ba. Haka kuma adalci ne a riƙa ambaton Sokil da masu horarwarta duk sa'ad da aka lissafa wasa 1,085 ɗin nan, domin a kan ƙanƙarar Kyiv aka koya masa zamiya da baya da baya, kuma da ita ya ci abinci shekara ashirin.